Baba Yoila, Mai Karanta Firgi da Tafin Ƙafa

"Baba, hannu kawai za ka sa. Ga layin nan, ƙarƙashin sunanka."

"Ka taka wurin?"

"Ai mun je. Mota uku, har da shugaban kwamiti. Ga kuma hoton da tauraron ɗan'adam ya ɗauko daga sama. Duba da kanka, ciyawa ce da ruwa har inda ido ya ƙare."

"Imran, ɗana, ban tambaye ka abin da tauraro ya gani ba, shi ba shi da ƙafa. Kai nake tambaya. Ka taka?"

Imran bai taka ba. A cikin mutum goma sha ɗaya da suka je ranar, babu wanda ya taka. Tsakiyar Agusta ne, an kwana ana ruwa, suka tsaya a kan kwalta a bakin ƙauyen Kajimari, can wajen Konduga. Wasu ma ba su sauko ba, gilashi kawai suka zuge. Suka dubi hagu, ga gero da wake sun yi kore shar a kan jigawa, suka ce wannan gona ce. Suka dubi dama, ga wani shimfiɗaɗɗen fili kwance cikin ruwa da doguwar ciyawa, babu shuka, babu ko mutum ɗaya riƙe da fartanya, suka ce wannan ƙasa ce da ba a nomawa. Imran, matashin sakataren kwamitin rabon filaye, haifaffen unguwar Dala a Maiduguri, wanda ya karanta awon ƙasa a jami'a, shi ya rubuta hakan da tsaftataccen Turanci. Za a yanka filin manyan gonaki a raba wa masu jari daga cikin gari. Abu ɗaya ya rage kafin takardar ta wuce, sa hannun malamin gona na yankin, ya shaida cewa lallai babu mai noma wurin.

Malamin gonar kuwa shi ne Baba Yoila, wanda saura masa wata biyu da 'yan kwanaki ya cika shekara talatin da biyar a bakin aiki ya yi ritaya. Ya ture takardar da ɗan yatsa ɗaya, a hankali, kamar mai ture kwanon abincin da ya kwana.

Abin da mota uku ba su sani ba, kowace yarinya mai tallan gyaɗa a Kajimari ta san shi. Wannan fili firgi ne, baƙar laka mai shan ruwa ta riƙe. Ba a shuka shi da damina. Da damina barinsa ake yi ya sha ruwa ya ƙoshi. Sai ruwan sama ya ɗauke, wajen Oktoba, a sare ciyawar a ƙone, a zo da ƙaton ice mai tsini a huda rami, a zuba ruwa kaɗan, a dasa masakwa, dawar da ke girma babu ɗigon ruwan sama ko ɗaya, da danshin da lakar ta ɓoye kawai take rayuwa. Lokacin da gonakin kowa suka bushe suka zama kara, a lokacin ne firgi yake yin kore. Ke nan an je duba gonar rani a tsakiyar damina, aka ce babu gona. Gida sittin da uku ne ke ci daga wannan wurin da aka ce babu.

Wanda bai san Baba Yoila ba, ya je tashar Bama a Maiduguri da sassafe ya nemi wani siririn dattijo mai malafa da jakar buhu. Kafin gari ya gama wayewa ya karanta 'yan ayoyinsa, matarsa Mama Ketura ta cika masa gora da kunu tana mita, ya tari keke napep daga unguwarsu Galtimari. A tasha zai zauna a kan benci tare da masu kifi da masu itace har jami'an tsaro su buɗe hanya. A Konduga akwai wani tsohon kekensa da yake ajiyewa a rumfar mai shayi, kekensa da aka yi wa walda har ba a san ainihin launinsa ba. Daga nan sai ƙauyuka. Mutumin tsaunukan Biu ne, Kirista, ya zo ƙasar Kanuri yana saurayi bai san ko gaisuwa ba. Yau yana jin Kanuri har da zaurancen tsofaffi, ko da yake matan Kajimari sun ce har gobe in ya ce musu wushe, wato sannu, sai ka rantse akuya yake kora. Sunansa a wurinsu Malam Masakwa. Da yawa ba su san yana da wani suna ba.

Ya Aisa ce ta ba ni labarin iri. Tsohuwa ce da mijinta ya rasu a shekarun tashin hankali, tana riƙe da jikoki huɗu. Ranar da suka gudu daga ƙauye, abin da ta iya ɗaurewa a bakin zaninta shi ne zangarniya uku ta farar masakwa, irin da ta gada wajen uwar mijinta. A sansanin 'yan gudun hijira cikin Maiduguri ta ɓoye su a ƙarƙashin tabarma, ta hana jikokinta ko da yunwa ta matsa. Baba Yoila ya bi sansani sansani yana neman mutanensa, ya same ta, ta nuna masa. Ya ce mata iri ba ya jiran mutum, in ya shekara biyu uku a ajiye zai mutu a tsaye. Ya je ya roƙi wasu masu lambu a bakin kogi, bayan gari, suka ba shi wata kusurwa mai laka da ba sa so. Kowace kaka ya dasa, kowane rani ya girbe ya kawo mata. Shekara bakwai. Ba aikin ofis ba ne, babu wanda ya sa shi, babu fayil ɗin da za ka buɗe ka ga an rubuta. Farar masakwar da ake ci a Kajimari yau, duk jikokin zangarniya ukun nan ne.

Labarin iyaka kuma Bulama Gana, mai garin Kajimari, shi ya ba ni, yana yi yana girgiza kai. Da aka ce su koma gida, sun tarar ƙaya da ciyawa sun cinye firgin, babu mai iya cewa ga inda gonarsa ta tsaya. Tsofaffin da suka sani, rabi sun rasu a gudun hijira. 'Ya'yan wa da ƙani suka zare adda a kan juna. Bulama ya ce shi kansa ya rasa ta cewa, sai ga Malam Masakwa a kan keke. Ya jingine keken, ya tuɓe takalmi, ya shiga.

Ga abin da ya sani. Kowane mai firgi yana kewaye gonarsa da 'yar ganuwar laka, tsayinta bai kai gwiwa ba, don ta tare ruwan damina kada ya gudu. Ita ce madatsa, ita ce kuma iyaka. Shekaru sun zaizaye ganuwoyin har ido ba ya ganinsu, amma ƙasar wurin ta fi tauri, ta ɗan taso kamar ƙashin bayan ramammiyar saniya. Ido ba ya gani, tafin ƙafa yana ji. Haka ya yi ta tafiya a hankali, kansa a sunkuye, mutane na biye da shi suna kafa turaku a duk inda ya ce. Kwana goma sha ɗaya. Ƙaya ta farfasa masa ƙafa har Mama Ketura ta ce in ya sake dawo mata da jini a ƙafa, a tasha zai kwana. Ya sake, bai kuma kwana a tasha ba. Aka mai da adduna cikin kube.

Wannan mutumin ne aka kawo wa takarda ya shaida cewa babu gona.

Abin da ke ci mini rai ke nan, mu mutanen gari. Lokacin zaɓe hanyar Kajimari ba ta da nisa, ba ta da laka, ba ta da haɗari. Masu neman kujera sun san yawan katin zaɓen da ke ƙauyen har na tsohuwar da ba ta gani, amma ba su san yawan gonakinsa ba. Da suka cika mana gari suna gudun hijira, mu ne muka gaji da su, muka riƙa cewa su koma gida su yi noma mana, ƙasa na buƙatar abinci. Suka koma, da tsoro da komai, suna noma iya inda aka ce kada a wuce, suna kallon daji da ido ɗaya. Yanzu da hanya ta fara lafawa, sai muka tuna ashe ƙasar tana da kyau. Muna cin tuwon masakwa a gidan biki muna cewa babu kamarsa, amma tsayar da mai digiri a cikin garin nan ka tambaye shi a wane wata ake dasa ta. Ni ma da nake wannan faɗa, na karanta shafuka ba iyaka da ke yabon ƙasa da manomi, har hawaye na yi a kan wasu, amma sai bana na san cewa akwai gonar da ake bari ta kwanta da damina. Mu ke riƙe da biro, su ke riƙe da ƙasa, kuma biron ne ke yanke hukunci daga bayan gilashin mota.

Baba Yoila bai yi wa Imran wannan dogon faɗan ba. Cewa kawai ya yi ya zo ranar Alhamis, shi kaɗai, in ya ga babu gona zai sa masa hannu a kan bonet ɗin mota. Sai da aka yi Alhamis huɗu kafin Imran ya zo, a ƙarshen Satumba, da baƙin takalmi mai sheƙi. Baba Yoila ya ce ya tuɓe. Imran ya yi gardama, ya kawo zancen maciji, ya kawo zancen tsutsa, daga ƙarshe ya tuɓe ya naɗe wando. Ya Aisa tana tsaye a gefe da lauje, ta dube shi sama da ƙasa.

"Malam Masakwa, wannan ne ya ce ba ni da gona?"

"Shi ne, Ya Aisa."

"Dubi ƙafarsa, kamar ta jaririn da ba a yi wa suna ba. To shiga, ɗan birni, gonar ba ta cizo."

Ya shiga. Ruwan ya ja baya amma lakar tana kama ƙafa har idon sawu. Ya yi taku kamar ashirin yana tangaɗi, sai ya tsaya cak. Ya ji ta. Wani abu mai tauri, miƙaƙƙe, yana tafiya a ƙarƙashin ciyawa. Ya bi shi, ya kai kusurwa, ya juya, ya bi wani. Baba Yoila yana bayansa yana kiran sunaye, wannan ta Ya Aisa ce, daga nan ta gidan Bulama, waccan ta marayun Ba'ana. Bayan haka tsohuwar ta ja shi kan jigawa ta nuna masa inda ta yafa iri tun watan jiya, dashe ya yi tsawon kamu, yana jiran ruwa ya gama janyewa. Imran ya daɗe a tsugune a wurin. Mutumin da ya auna filin nan daga sama har ya san faɗinsa zuwa taku ɗaya, sai ranar ya san akwai mutane a cikinsa.

Da labarin ya ƙare a nan, da na yi barci mai daɗi. Amma bayan mako guda Imran ya sami Baba Yoila a bakin ofis, ya ja shi gefe, ya faɗa masa da ƙaramar murya cewa ya kai wa shugaban kwamiti, Alhaji Abdulmutallib, maganar. Alhaji ya yi dariya, ya ce rahoto ya riga ya yi nisa, an riga an yi wa mutane alkawari, ba za a sake ɗaukar mota uku don ciyawa ba. In tsoho ya ƙi, a bar shi. Ranar talatin da ɗaya ga Oktoba zai ajiye aiki, wanda zai gaje shi yaro ne daga cikin gari, zai sa hannu kafin ya gama zama a kujera. Imran ya ce shi ƙaramin ma'aikaci ne, ga aure yana shirin yi, bai san abin da zai iya ba. Baba Yoila bai zarge shi ba. Ya tambaye shi kawai ko lakar ta fita daga wandon.

A gida kuma wata rigimar ke jiransa. Mama Ketura ta shekara goma tana ƙirga kwanakin ritayar nan. Suna da ɗan gida a ƙauyensu kusa da Biu, ɗaki ɗaki suka gina shi, ta dasa mangwaro biyu a tsakar gida tana so ta zauna a inuwarsu kafin ta mutu. Ta riga ta ɗaure kaya, ta yi sallama da matan zumunta na coci. Ta ce masa ya yi nasa, ya ba mutanen nan ƙuruciyarsa da gwiwoyinsa da tafin ƙafarsa, in ya ƙi sa hannu ya fita da mutuncinsa, abin da ya biyo baya ba da hannunsa aka yi ba. Ya ce haka ne. Ta ce to me ya sa yake kallon bango. Ya ce yana tunanin inda Ya Aisa za ta kai dashen nan ne. Mama Ketura ta yi tsaki ta shiga kicin, ta ce ita tun ranar da ta aure shi ta san da laka za ta yi zaman haƙuri.

Baba Yoila, kai ne wanda ya raya zangarniya uku har suka ciyar da gari. Kai ne baƙon da ya san iyakar kowa alhali ba shi da taku ɗaya nasa a wurin. Ba a taɓa kiran sunanka a rediyo ba, babu titin da za a sa wa sunanka, kekenka ma ba na jin wani zai so ya gada. Amma akwai gida sittin da uku da in an ce gwamnati, fuskarka suke gani, kuma saboda kai ne har yanzu ba su yanke ƙauna daga kalmar ba. Mun gode, Malam Masakwa. Allah ya saka, ya huta da ƙafafun nan, in ka yarda su huta. Ku kuma da za a miƙa wa biro gobe, malaman gona da masu awo da sakatarori, ba na roƙon ku ku zama jarumai. Kafin ku rubuta cewa babu kowa a wuri, ku sauko daga mota ku tuɓe takalmi. Iyakar abin ke nan, kuma abin haushi ne a ce sai an roƙa.

Ranar Alhamis ɗin da ta wuce aka yi masa liyafar bankwana a wani ɗakin taro cikin gari. An kawo shinkafa da lemo, an yi jawabai. Mutanen da ba su taɓa zuwa Konduga a bayansa ba suka tashi suka ce shi uba ne, shi abin koyi ne. Aka ba shi agogon bango da allon yabo. Ba a gayyaci kowa daga Kajimari ba, amma Bulama Gana da Ya Aisa sun ji labari sun shigo motar kifi sun zo, suka tsaya can baya kusa da ƙofa, ita riƙe da damin dashen masakwa da ta naɗe saiwarsa da jiƙaƙƙen buhu. Shi ne kyautarta.

Alhaji Abdulmutallib ne ya yi jawabin ƙarshe. Ya yabi taurin kan Baba, aka yi dariya. Sannan ya ce tunda yau ranar farin ciki ce, akwai wata 'yar takarda da ta rage, zai yi kyau Baba ya rufe aikinsa da ita a gaban jama'a, ya tafi babu abin da ya bari a kan tebur. Ya yafito Imran. Imran ya kawo fayil ɗin ya ajiye a gaban tsohon, ya buɗe. Biron yana aljihun rigarsa, kowa yana gani. Bai ciro shi ba. Ya koma ya tsaya a jikin bango, hannayensa a baya.

Baba Yoila ya dubi takardar, ya dubi ƙofa, ya miƙe ya karɓi abin magana. Ya gode wa kowa da kowa, ya gode da agogo, ya ce zai yi amfani, don masakwa da lokaci take aiki, wanda ya zo ba a kan lokaci ba ba ya ganinta. Ya ce wannan takarda ba zai sa mata hannu ba, yau ko gobe. Ya ce ya san an ce a jira ya tafi, to yana so ya sauƙaƙa wa wanda zai gaje shi aiki, kada yaron ya sha wahalar neman manomi a firgin Kajimari.

Mama Ketura, a layin gaba, ta rufe ido. Ta ce wa matar da ke kusa da ita, ba da ƙaramar murya sosai ba, dama ita tukwane ne kawai ba ta ɗaure ba, don ta san halin kayanta.

"Jibi Asabar ake fara dashe," in ji Baba Yoila. "Ya Aisa ta ara mini fangali huɗu a bakin kwalta, daidai inda motocinku suka tsaya. Daga ranar ɗaya ga wata ni ba malamin gona ba ne, manomin Kajimari ne. Duk wanda zai rubuta cewa babu mai noma wurin, zai same ni tsaye a ciki, sai ya dube ni ya rubuta. Ketura, ki yi haƙuri, ki kwance kayan nan. Ba mu tafiya Biu sai an girbe masakwa."